Yadda Ake Kallon Tsuntsayen Hunturu a Bakin Ruwan Langstone

Ranar da na fara zuwa Farlington, wani dausayi a bakin ruwan Langstone, a gefen birnin Portsmouth da ke kudancin Ingila, sammako na yi kamar mai zuwa gona. Na isa ƙarfe takwas na tarar da laka shimfiɗe iya ganina. Ruwa ya gudu can nesa, tsuntsayen sun bi shi, sun zama ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero a tsakar gida. Awa biyu iska tana dukana, na juyo hanci na zuba. A bakin ƙofa wani dattijo mai rataye da madubin hangen nesa ya tambaye ni ko na duba lokacin cikar ruwa kafin in fito. Ni ban ma san ana dubawa ba.

Langstone wani makeken kwari ne tsakanin tsibirin Portsea, inda birnin yake, da tsibirin Hayling. Babbar ƙofarsa siririya ce ta kudu, ta nan teku ke shigowa ta cika shi sau biyu a kwana, ta kuma janye sau biyu ta bar laka. Lakar nan cike take da tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi, ita ce ke tara dubban tsuntsaye daga Oktoba zuwa Maris, daidai lokacin da buji ke tashi a gida. Tun daga waccan ranar na yi ta komawa, hunturu bayan hunturu. Ga yadda nake yi.

Kayan da za ka tanada

Madubin hangen nesa mai ido biyu shi ne jigo. Nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa. Lambar farko tana nufin yana kusanto da abu sau takwas, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ce a milimita, ita ke tara haske. Sabon shiga yakan so mai kusantowa sau goma sha biyu ko sha shida, a ganinsa ya fi ƙarfi. A cikin iskar bakin teku, da hannu mai rawar ɗari, ba abin da za ka gani da shi sai hoto yana tsalle. Na hannu mai kyau ya fi sabo mai araha.

Akwai kuma dogon madubi mai ido ɗaya da ake kafawa a kan ƙafa uku, wanda ke kusantowa sau 20 zuwa 60. Yana da tsada, kada ka saya a shekararka ta farko. Masu shi suna nan tsaye a kan ganuwar bakin ruwa kusan kullum, kuma in ka yi gaisuwa ka tambayi me ake kallo, galibi su da kansu za su ja gefe su ce ka leƙa. Baturen da ba ya ɗaga ido ya dube ka a jirgin ƙasa, a nan sai ka rasa yadda za ka tsayar da hirarsa.

Tufafi su ne ke raba wanda zai daɗe da wanda zai gudu. Ka sa su hawa uku: shimi mai ɗumi da ke manne jiki, rigar sanyi ta ulu, sannan babbar riga wadda iska da ruwa ba sa ratsawa. Wandon jins kaɗai ba ya yi, in ya jiƙe ya zama ƙanƙara a cinyarka. Sa wani siriri a ciki. Hular sanyi mai rufe kunne, mayafin wuya, safar hannu marar kauri wadda za ka iya murza madubi da ita, safa biyu, da takalmi mai hana ruwa shiga. Laima kuwa bar ta a gida, iska za ta mayar da ita kwando.

Sauran ƙananan abubuwa: filas na shayi mai citta, dabino ko gyaɗa, man basilin saboda leɓe, ɗan littafin rubutu da fensir. Fensir na ce, don biro yana daskarewa kuma ba ya rubutu a takarda mai laima. Littafin hotunan tsuntsayen Turai ƙarami, ko manhajar Merlin a waya, wadda kyauta ce. Ajiye wayar a aljihun ciki, sanyi yana shanye batir da sauri.

1. Duba ruwa kafin ka zaɓi rana

Wannan matakin ya fi duk sauran, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Tsakanin cika ɗaya da ta gaba akwai wajen awa 12 da minti 25, saboda haka lokacin cikar yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Cikar da ta zo ƙarfe goma yau, gobe sai wajen sha ɗaya saura. Shafin EasyTide yana ba da lokutan mako guda kyauta. Rubuta Portsmouth, za ka ga lokaci da tsayin ruwan a mita. Akwai kuma ƙananan littattafan shekara da ake sayarwa a shagunan bakin ruwa.

Ba kowace cika ce daidai da 'yar'uwarta ba, wata ne ke juya su. A nan mu masu lissafin watan Musulunci mun riga mun fi wasu sauƙi. Babbar cika tana zuwa ne a kwanakin farko na tsayuwar wata, da kuma kwana ɗaya ko biyu bayan daren sha huɗu. A Portsmouth takan kai wajen mita 4.7, kuma tana faɗowa ne kusan tsakar rana da tsakar dare. Ƙaramar cika tana zuwa idan wata ya yi rabi, wajen takwas ga wata da wajen ashirin da uku, ba ta wuce kimanin mita 3.8, lokacinta kuma sassafe ne da bayan magariba, duhu ke nan a watan Disamba.

Abin da kake so shi ne babbar cika. Ka isa wurin awa uku kafin ruwa ya cika. Yayin da yake shigowa yana cinye lakar kaɗan-kaɗan, yana koro tsuntsayen gabansa kamar makiyayi, har ya kawo su ƙarƙashin ganuwar da kake tsaye. Kai ba ka taka ko'ina ba. Idan ya gama rufe lakar, sai su tashi garke-garke su nufi tsibirai da tafkunan da ke bayan ganuwa, su jira. Awa biyun ƙarshe kafin cikar, nan ne duk daɗin yake.

In aiki ko karatu bai bar ka ka zaɓi rana ba, akwai mafita. Awa biyu zuwa uku bayan cika, lokacin da laka ta fara bayyana a gefe, tsuntsayen suna dawowa da yunwa su sauka kusa. In kuwa ruwa ya janye ƙarƙaf, kada ka je Farlington; nufi bakin ƙofar kwarin ta Eastney, inda mashigar ba ta ƙafewa, ka nemi agwagin da ke nutso.

2. Duba iska, ka zaɓi wuri da ita

Ma'aunin zafi zai ce maka digiri biyar ko shida, ka raina. Iska ce ke kai shi ƙashi. Duba hasashen Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya, ka lura da abu biyu: ƙarfinta da inda ta fito. A tawa al'adar, in ta haura mil 25 a awa ba na ɗaukar dogon madubi, in kuma an yi gargaɗin guguwa ba na hawa ganuwa sam, don babbar cika da iskar kudu in suka haɗu ruwa yakan tsallako.

Galibi daga kudu maso yamma take busowa, da ɗan ɗumi da yayyafi. Ta gabas da ta arewa su ne masu cizo, amma su ke zuwa da sararin sama garau.

Rana ma sai an yi lissafinta. A hunturu ba ta hawa sama, tana rarrafe ne ta kudu, kuma duk tsuntsun da ka kalla rana na bayansa baƙi ƙirin zai zama. So ake rana ta kasance a bayanka. Da safe, tsoffin kududdufan kiwon kawa (wani dangin dodon koɗi na teku) na Hayling sun fi, don kana kallon yamma ne. Ana isa ta hanyar ƙafa da ta bi sawun tsohon layin dogon da aka rufe a 1963. Daga azahar zuwa yamma, tafkin Farlington ya fi kyau in ka tsaya a ganuwar yamma kana kallon gabas.

3. Shirya tun dare

A Disamba rana tana fitowa wajen ƙarfe takwas ta faɗi wajen huɗu, azahar da la'asar duk a fili za su same ka. Yi alwala daga gida, ka rage shan shayi kafin ka fito, ka sa 'yar sallaya mai leda a ƙasa cikin jaka. A Farlington babu banɗaki, babu mai shayi, babu rumfa ta kirki. Shiga kyauta ne, wurin yana hannun ƙungiyar kare namun daji ta Hampshire da Isle of Wight. In da jirgin ƙasa za ka zo, sauka a Hilsea ka taka. Zagayen ganuwar wajen kilomita huɗu ne. Gaya wa wani inda ka tafi da lokacin da za ka dawo.

4. Daidaita madubi da idonka

Da yawa suna shekara da madubi ba su taɓa yin wannan ba, suna ta kukan ciwon kai. Lanƙwasa shi har da'ira biyun su zama ɗaya. Rufe gilashin dama da tafin hannu, ka murza abin tsakiya har wani allo mai nisa ya fito sarai a idon hagu. Sannan rufe na hagu, ka murza ɗan zoben da ke kan idon dama kaɗai har shi ma ya fito. Shi ke nan, daga nan na tsakiya kawai za ka riƙa taɓawa. Mai tabarau ya murɗa robar bakin idon ta koma ƙasa.

In ka ga tsuntsu, kada ka sunkuya neman madubi. Kafe idonka a kansa, ka ɗago madubin ya zo ya sami idon.

5. Yadda ake tsayuwa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya tsaya cak a saman ganuwa, sama na bayansa. Tsuntsun da ke nesa ma ya gan ka. Sauka kaɗan ta gefen da iska ba ta duka, ko ka zauna, ko ka jingina da shinge. Dafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, hoto zai tsaya. Mai dogon madubi ya rage tsayin ƙafafun, ya rataya jakarsa a tsakiya don nauyi.

Ka lura da su. Idan suka daina ci suka ɗaga kawuna, ko suka fara takawa suna nisa da kai, ka matso da yawa, ja baya. Tsuntsun nan awoyi kaɗan yake da su na ci kafin ruwa ya rufe, kuma duk tashin da ya yi a banza kitse ne ya ƙone wanda zai kwana da shi. Tayar da garke don a ɗauki hoto abin kunya ne a wurin nan, kuma za a gaya maka.

Kada ka taka lakar, ko da ta yi kama da busasshiya. Tana riƙe ƙafa har gwiwa, ruwa kuma yana biyo ƙananan kwazazzabai ya zagaye mutum ta baya kafin ya ankara. In ka ga wani ya maƙale, kada ka bi shi. Kira 999 ka ce a haɗa ka da masu gadin teku.

Za ka haɗu da masu yawo da karnuka. Ka sani tun yanzu, don kada ka zabura ka tayar da tsuntsayen kowa.

6. Fara da manya, ka gangaro

Kada ka ce sai ka san kowa rana ɗaya. Biyar ko shida sun isa.

Fara da dinyar burent, ita ce sarauniyar wurin. Ba ta kai dinyarmu girma ba, kusan agwagwa ce. Kai da wuya baƙi, ɗan farin zane a gefen wuya, jiki toka-toka mai duhu, gindi fari fat. Kafin ka gan su za ka ji su, wani gurnani ƙasa-ƙasa kamar taron dattawa a zaure. Daga arewacin Siberiya suke zuwa, yankin Taimyr na ƙasar Rasha, tafiyar wajen mil 3,000, kuma kusan kashi ɗaya cikin goma na irinsu a duniya a wannan yankin na Solent, mashigin tekun da ke tsakanin nan da tsibirin Wight, suke cin hunturu. Da farko ciyawar ruwa suke ci, in ta ƙare su hau filayen ƙwallo na gari.

Ga wani aiki mai daɗi da su: duba fuka-fukai. 'Ya'yan bana suna da fararen layuka a fiffike, manya ba su da. Ƙirga ɗari ka ga 'ya'ya nawa ne. Wata shekara za ka samu da yawa, wata kusan babu. Dalilin yana can Siberiya: akwai wani ƙaramin ɓera da ke yawaita wasu shekaru, in ya yi yawa, dilolin ƙanƙara suna ƙoshi da shi su ƙyale ƙwan dinya, in ya yi ƙaranci su koma kan ƙwai. Kana tsaye a Portsmouth kana karanta labarin damina a wata duniya.

Masu dogayen ƙafa da ke caccakar laka, baki za ka fara dubawa, sannan ƙafa, sannan yadda yake tafiya. Launi shi ne na ƙarshe, don a hunturu kusan duk toka-toka suke. Kaliyu ya fi kowa girma, bakinsa dogo lanƙwashe ƙasa kamar lauje, kukansa kuma shi ne sunansa. Godwit ya ɗan fi shi ƙanƙanta, baki dogo miƙaƙƙe. Na nan daga Iceland suke, danginsu na gabashin Turai kuwa su ne ke sauka a dausayin Hadejiya da Nguru da bakin tafkin Chadi a wannan lokaci. Mai cin kawa ba ya ɓoyuwa: baƙi da fari, baki ja kamar karas, ga surutu. Jan-ƙafa shi ne ɗan tsegumin wurin, shi ke fara ihu in ka matso. Danlin su ne ƙanana masu yawa, kai ƙasa kullum kamar keken ɗinki. In ka ga wani mai gajeren baki da babban ido yana gudu ya tsaya, gudu ya tsaya, dangin zakaran ƙeƙuwa ne.

Za ka ga 'yan gida ma. Zalɓe yana nan tsaye yadda ka san shi. Farar da ke yawo a kwazazzabai, mai baƙin baki da rawayen yatsu, ƙanwar balbela ce, sai a 1996 ta fara ƙyanƙyasa a Birtaniya. Ita kanta balbelarmu ta iso, ta fara ƙyanƙyasa a ƙasar a 2008, kuma akan same ta tana bin shanu a gonakin Warblington, gabas kaɗan da nan. Na taɓa ganin mutum shida sun kafa madubai a kanta suna raɗa, ni kuwa dariya nake dannewa.

Idan garke duka ya tashi lokaci guda ba dalili, kada ka bi su da ido, dubi sama da su. Shaho ne. Garken danlin a irin wannan lokacin yana juyawa kamar hayaƙi, duhu in sun ba ka baya, fari walƙiya in sun ba ka ciki. Sauke madubin ka kalla da ido.

7. Ƙirga ka rubuta a wurin

Ba a ƙirga garke ɗaya-ɗaya. Ƙirga goma, ka riƙe girman wurin da suka ci, ka auna shi sau goma ka sami ɗari, sannan ka bi garken da ɗari-ɗari. Sabon shiga kusan kullum yana rage adadi. Don gwaji, kimanta, ɗauki hoto, ka ƙirga a gida.

Rubuta rana, lokaci, tsayin ruwa, iska, da abin da ka gani. Wanda ba ka gane ba, zana shi ko da zanen yara ne: tsawon baki in an kwatanta da kai, launin ƙafa, girmansa kusa da na gefensa. Yi wannan kafin ka buɗe littafi, in ba haka ba ido zai ga abin da littafin ya nuna masa. In ka ga godwit mai zobba masu launi a ƙafa, rubuta na hagu daga sama zuwa ƙasa, sannan na dama, ka aika wa masu binciken da suka sa zobban. Sukan maido maka da tarihin duk inda aka taɓa ganinsa. Sauran lissafin ka zuba a eBird ko BirdTrack, shafukan intanet da masu kallon tsuntsaye ke ajiye abin da suka gani.

8. In ka koma gida

Gishirin teku yana cin gilashi. Kada ka goge da bakin riga, yashi zai karce shi. Hura tukuna, ka share da tattausan burushi, sannan ka goga da ƙyallen tabarau mai ɗan laima. Bar madubin a waje da jakarsa ya sha iskar ɗaki har gumin da ya yi ya bushe. Hannun da ya daskare kuma a ruwa mai ɗumi-ɗumi ake sa shi, ba mai zafi ba.

Ranar da cika ta wuce da wuri kuma da sauran haske, nakan bi ta Southsea, gaban tsohuwar ganuwar da Sarki Henry na Takwas ya gina a 1544. A kan duwatsun da igiyar ruwa ke duka akwai wasu 'yan tsuntsaye masu duhu da rawayen ƙafa, ba su cika wuce goma ko sha wani abu ba, suna tsince-tsince a bakin kumfa. Sai ruwa ya ɗan sauka duwatsun sun fito ake ganinsu, kuma gansakukan wurin yana da santsi, saboda haka daga saman dakali ake kallo.